Iginla da St. Louis: Wasiƙa daga Kalgari

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai dai sanyin da ya kankama, ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Na ji saƙonka na murya, kana tambayar wane ne Iginla da ke rubuce a bayan jar rigar da ɗanka ya sa a hoton nan, har ka ce sunan ya yi maka kama da na gida. Ba ka yi kuskure ba. Mahaifin Jarome Iginla Bayarabe ne, daga Najeriya ya zo Kanada, shi kuma an haife shi a Edmonton a 1977. Wasan hoki na ƙanƙara ya buga, kuma a garin nan na Kalgari babu ɗan wasan da ake ƙauna kamarsa. Tun da na san kai ma'abocin musun ƙwallo ne a majalisa, bari in kawo maka musun da ake yi a nan.

Wasan dai a kan daskararren ruwa ake yin sa, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ana kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Mutum shida ne kowane ɓangare har da mai tsaron raga. Uku ne 'yan gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, kamar lamba bakwai da sha ɗaya a wajenku. Iginla ɗan gefen dama ne. Haka shi ma wanda nake so in gwada shi da shi, Martin St. Louis.

Iginla tun yana yaro aka san za a yi abu. A zaɓen matasa na 1995 shi ne na 11 da aka ɗauka, ƙungiyar Dallas ta ɗauke shi, kafin shekarar ta ƙare Calgary Flames, ƙungiyar garin nan, ta ba da gwaninta Joe Nieuwendyk don ta same shi. Ƙaƙƙarfa ne, yana da dukan da mai tsaron raga ke tsoro, kuma in faɗa ta kama ba ya ja da baya, domin a wannan wasan akan jefar da safar hannu a dambace. A 2002 ya ci ƙwallo 52, ya fi kowa a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, ya kuma fi kowa maki. Maki a nan shi ne a haɗa abin da ka ci da wanda ka ba wani ya ci. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi wannan. A shekarar ce kuma ya ci biyu a wasan ƙarshe na Olamfik da Amurka, Kanada ta ɗauki zinare bayan shekara 50 tana jira.

Shi kuwa St. Louis, ɗan Laval ne a lardin Kebek, kuma babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Gajere ne, bai wuce mita 1.73 ba, aka ce wannan wasan ƙarti ne, ba zai iya ba. Abin da ke yi wa mutanen garin nan ciwo shi ne, Kalgari ce ta fara ba shi dama. Ya yi musu wasa 69, ya ci huɗu kacal, a shekarar 2000 suka biya shi suka sallame shi. Tampa Bay ta ɗauke shi.

Sai 2004 ta zo. Iginla ne kyaftin, ya ja Flames har wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, abokan karawarsu kuwa Tampa Bay. Wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi. Kalgari na da uku, Tampa na da biyu, aka zo wasa na shida a nan gida, a filin Saddledome. Saura kaɗan a tashi, faifan ya daki takalmin Martin Gelinas na Kalgari ya nufi raga, mai tsaron raga ya tare da ƙafa. Har yau mutanen garin nan rantsuwa suke yi ya haye layi. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, bidiyon yana cikin wayarsa, yakan tsayar da shi daidai wurin, ya buɗa hoton da yatsu biyu ya miƙo mini, hannunsa na rawa. Ba a ba su ƙwallon ba. Aka tafi ƙarin lokaci, aka sake tafiya na biyu, cikin daƙiƙa 33 wanda ya jefa ƙwallon da ta kashe wasan shi ne St. Louis ɗin da suka kora. Tampa ta ci wasa na bakwai da biyu da ɗaya. A shekarar St. Louis aka ba gwarzon gasar, shi ya fi kowa maki, ya sake fin kowa maki a 2013 yana da shekara 37.

Iginla bai ƙara kusantar kofin haka ba. A 2013 ya bar Kalgari yana nemansa, ya je Pittsburgh, Boston, Colorado, Los Angeles, har ya ajiye sanda bai taɓa ɗaga shi ba.

Na san abin da za ka ce, Yaya: mai kofi shi ne gaba. Ni ban yarda ba. Iginla ya ci ƙwallo 625, maki 1,300. St. Louis 391, maki 1,033. Shekara 11 a jere Iginla bai gaza cin 30 ba, alhali sau da yawa ba shi da gwanin tsakiya da zai riƙa miƙa masa, duk abokan hamayya shi kaɗai suke tsarewa. St. Louis kuwa yana tare da Vincent Lecavalier da Brad Richards, daga baya Steven Stamkos. Ba rage masa nake yi ba, wallahi ina girmama mutumin da aka rufe wa ƙofa ya ƙi komawa gida, kuma yanzu haka shi ke horar da Montreal. Amma nauyin da Iginla ya ɗauka ya fi. Ko ƙwallon zinaren da Sidney Crosby ya ci wa Kanada a Olamfik na Bankuba a 2010, wadda duk ƙasar nan ke tunawa, Iginla ne ya miƙa masa.

Akwai kuma abin da ya fi taɓa ni. Kayan wasan nan tsada gare su, na sani domin na saya wa ɗanka, na hannu ma na samo. Iginla ya daɗe yana ba da dala 2,000 a kan kowace ƙwallo da ya ci ga KidSport, masu biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin shiga wasanni. A 2019 aka rataye lambarsa 12 a rufin Saddledome, ba wanda zai ƙara sa ta a ƙungiyar. Ranar da na kai yaron kallo, ya ɗaga kai ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Baba, da gaske babansa ɗan ƙasarmu ne?" Na ce da gaske.

Kuɗin maganin Inna zan turo ƙarshen wata in Allah ya so, ka sanar da ni in sun shigo. Ka gaida Baffa da Gwaggo, da amaryarmu da yara, da 'yan majalisa duka. Ka karanta musu, in akwai mai ja, ya aiko mini da hujjarsa.

Wassalam,
Ƙaninka