Godiya ga makarantar manya ta CPIA da ke Modena

Zuwa ga shugabanni da malaman makaranta, musamman Malamarmu ta ajin yamma. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Da Hausa na rubuta wasiƙar nan don 'yan'uwana da ke Modena da Brescia su karanta. Ita kuwa Malama, na yi alkawarin zan fassara mata da bakina, ko da zan kwana ina laluben ƙamus.

Shekarata huɗu a Italiya, ina aiki a wata masana'antar tayil ta wajen Sassuolo, amma kafin na zo wajenku Italiyancina bai wuce na tasha ba: ciao, grazie, sai kalmomin da shugaban aiki ke daka mana tsawa da su. Duk takardar da ta zo gida sai na ninke ta na sa a aljihu, na jira ranar Juma'a na nemi wanda zai karanta mini bayan an idar. Babba da ni, mai 'ya'ya uku, yaro ɗan shekara goma sha biyu ke karanta mini sakamakon asibiti. Akwai wani ofishi da ba zan kama sunansa ba, na yi sammako tun duhu cikin sanyin Janairu, da layi ya zo kaina na kasa gane abin da ma'aikacin ke nema. Sai ya maimaita maganar nan tasa, yana ƙara ɗaga murya kamar kurma ya samu, daga ƙarshe ya turo mini takarduna ta ƙarƙashin gilashi ya kira na bayana. Na kuma biya wani mai koyarwa kuɗin wata biyu, ya tara mu ashirin a ɗaki ɗaya yana kunna mana bidiyo yana danna wayarsa.

Da wannan zuciyar na shigo wajenku, don an gaya mini ba a ba da takardar zama ta dogon lokaci sai mutum ya nuna iya Italiyancinsa ya kai matakin da ake kira A2, kuma tun 2018 mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kai B1, matakin da ke gaba da shi. Takarda kawai na zo nema. Rajista ba ta ɗauki lokaci ba, an gwada ni, an sa ni ajin farko, abin da na biya kuma bai taka kara ya karya ba.

Ranar farko Malama ta miƙe tsaye ta gaishe ni, ta kira ni da Lei. Ban san bambancin ba sai da ta yi bayani: tu na aboki ne da yaro, Lei kuwa na girmamawa ne, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Na zauna ina lissafi, na ga a shekara huɗun nan kusan kowa da tu yake kirana, har yaran da na haifi kamarsu.

Sai ta tambaye ni yarena. Da na ce Hausa, ta ce in ba ta misalin kalmomi. Na ce mota, riga, rana. Ta ce mata ne ko maza? Na ce mata. Ta tafa hannu, ta ce ai rabin wahala ta ƙare, don a Italiyanci ma yawancin kalmomin da suka ƙare da "a" mata ne: la casa, la porta, la macchina. Da muka zo kan baƙaƙe masu ruɓi, inda sete ke nufin ƙishirwa, sette kuma bakwai, 'yan ajinmu da dama suka yi ta fama, ni kuwa na tuna baba da babba, na wuce abina. Har ta sa na fito gaban allo na nuna musu. Wallahi rabon da in ji kaina ya yi girma haka tun ina makarantar allo.

Inda ta kama ni shi ne "p" da "f", ciwon Bahaushe. Fila layi ne, pila batir, ni kuma duk ɗaya nake faɗa. Ta yanko 'yar takarda ta ce in riƙe a gaban leɓena, in lura da yadda iska ke bugunta. Mako uku muna wannan, ba ta taɓa yin tsaki ba. Da aka mayar da ni aikin dare na rasa darasi biyu, sai ga hoton allo ta turo mini ta WhatsApp ba tare da na roƙa ba. Yanzu ita ma in ta shigo aji "sannu" take ce mini, sai dai tana jan wasalin har ya zama wani abu daban.

Abin da ke ba ni mamaki, gwamnati ɗaya ce ke biyan Malama da wancan na bayan gilashi. Mu ma a gida haka muke yi wa baƙo in Hausarsa ta karkace, mu kwaikwaye shi a kasuwa mu yi dariya. Wasu ofisoshin kuwa, nan da can, ka ce ma'aikaci daga aljihunsa yake biyan kuɗin murmushi.

Makon jiya na koma asibiti ni kaɗai. Likita ta yi sauri, na ce mata "più piano, per favore", ta sassauta, na gane kashi biyu cikin uku. Sauran kashi ɗayan na rubuto shi a takarda, Malama, zan kawo miki ranar Talata.

Ɗalibinku na ajin yamma,
wani Bakano mazaunin Modena