Wasiƙa zuwa Kumasi: yaushe za su sake haɗuwa?

Katsina, daren Lahadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya kasuwa, yaya mutanen Zango? Mu nan sai godiya, hunturu ne dai ya fara shigowa, yara duk sun kama tari.

Hoton takardar jarrabawar babban ɗanka da ka turo mini ya iso, kuma na zauna bayan sallar isha'i na duba ta layi-layi. Tun kafin in ce komai, ina roƙonka kada ka ƙara yi masa faɗa a kan wannan maki. Yaron nan yana da kai. Inda aka ce masa kai tsaye ya nemo LCM na 6 da 8, ya rubuta 24, daidai ba kuskure. Can ƙasa kuma aka ba shi labarin ƙararrawa biyu, ɗaya tana kaɗawa duk minti 6, ɗayar duk minti 8, aka tambaye shi bayan minti nawa za su sake kaɗawa tare. Sai ya tara, ya rubuta 14. Tambaya ɗaya ce aka sauya mata riga, shi kuwa bai gane ta ba. Shekara goma sha ina koyar da lissafi, kuma wannan ne ciwon da na fi gani a aji.

Abin da ake nufi da LCM shi ne lamba mafi ƙanƙanta da lambobin da aka ba ka za su raba ta ba tare da saura ba. Ni a aji ina kiranta mahaɗa ta farko. Ranar da zan fara darasin, ba na taɓa allo. Sai in fito da yara biyu, in ce wa ajin su riƙa ƙirga da ƙarfi. Ɗaya zai tafa duk lokacin da aka kai 4, 8, 12, ɗayan kuma a 6, 12, 18. Da an kai 12 tafin nan biyu suka faɗi tare, sai ka ga idanun yara sun buɗe, wasu har suna miƙewa daga benci. Daga nan ba sai na yi dogon bayani ba. Ka gwada haka da shi da ƙanwarsa a tsakar gida.

Amma ku da ke Kumasi kuna da misalin da ya fi nawa kyau, yana nan a bakin ƙofarku. Ka tambaye shi: me ya sa bikin Akwasidae, wanda Sarkin Ashanti ke zama a fadar Manhyia jama'a su zo gaisuwa, yake zagayowa duk bayan kwana 42? Dalilin shi ne mutanen Akan, waɗanda Ashanti ke cikinsu, suna da tsohon mako mai kwana 6, suna kuma da mako mai kwana 7, biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ranar da wata rana ta wannan mako ta dace da Lahadi ta wancan, ba za su sake dacewa ba sai an kai lambar da 6 da 7 duka za su raba ta. Bar shi ya jero 7, 14, 21, 28, 35, 42 da kansa, yana gwada kowace da 6. Zai iske 42 ce ta farko. Haka ma Inyamurai, makonsu na kasuwa kwana 4 ne, to idan babbar kasuwarsu ta faɗo ranar Juma'a, ba za ta sake faɗowa Juma'a ba sai bayan kwana 28.

A nan fa akwai rami, ka kula masa. Yaro zai lura cewa 6 sau 7 shi ne 42, kuma 4 sau 7 shi ne 28, sai ya ɗauka ai ninka lambobin kawai ake yi. Wannan yana yin daidai ne idan babu wata lamba, ban da 1, da ke raba su duka biyun. Amma 6 da 8 'yan gida ɗaya ne, 2 tana raba kowace. Wanda ya ninka su zai samu 48, alhali tun a 24 sun riga sun haɗu. Kwatanta masa da magani: likita ya ce a sha wannan duk awa 6, wancan duk awa 8, aka fara su tare da ƙarfe shida na safe. Gobe da ƙarfe shida na safe za a sake haɗa su, ba jibi ba.

Idan lambobin sun yi girma, jerawa za ta cinye masa lokaci. Sai ya farfasa kowace zuwa lambobin da ba sa ƙara rabuwa. 8 ita ce 2 sau 2 sau 2, 6 kuma 2 sau 3. Ya ɗauki kowace irin lamba gwargwadon inda ta fi yawa: 2 har sau uku, 3 sau ɗaya. Ya ninka, ya samu 24. Malaminsu ya riga ya koya masa wannan, na gani a takardar.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi taɓa mini zuciya. Ka tuna lokacin da muka kai babin gado a Risala, a zauren Malam, Allah ya jiƙansa? Ka tuna yadda yake share ƙasa da tafin hannu, ya zana da yatsa, ya ce kafin a raba komai sai an fitar da asalin mas'ala? Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane cewa asalin mas'alar nan shi ne wannan lissafi da ke ba ɗanka wahala. Kason da Suratun Nisa'i ta yanka guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da ɗa namiji. Matar tana da sumuni, ɗaya cikin 8. Mahaifiyar tana da sudusi, ɗaya cikin 6. Kashi nawa za a yi wa dukiyar don kowa ya samu nasa ba gutsure? Kashi 24. Matar ta ɗauki 3, mahaifiyar 4, sauran 17 na ɗan ne. Idan abin da aka bari sidi 24,000 ne, kowane kashi ya zama 1,000. Shi ya sa asalin mas'aloli bakwai da Malam ya sa muka haddace, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, ba su wuce nan ba. Ka gaya wa yaron cewa malaman kakanninsa sun daɗe suna wannan hisabi a ƙasa da yatsa, kuma haƙƙin marayu suke tsarewa da shi. Ina jin zai riƙe shi da muhimmanci fiye da labarin ƙararrawa.

Saura abu guda, domin a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da ke gabansa suna iya haɗa LCM da ɗan'uwansa HCF, wato lamba mafi girma da za ta raba lambobin da aka ba ka ba tare da saura ba, kuma yara kan rikita su. Kafin ya ɗauki biro, ya tambayi kansa: jira ake yi, ko yanka ake yi? In abubuwa ne ke ta maimaituwa ana jiran ranar haɗuwarsu, LCM ke nan, amsar ba za ta taɓa gaza babbar lambar da aka ba shi ba. In kuwa tela ne da yadi 12 na shadda da yadi 18 na atamfa, yana son ya yanka su tsawo ɗaya, mafi tsawon da zai yiwu, ba ragowa, to HCF ke nan, amsar 6 ce, kuma ba za ta wuce ƙaramar lambar ba.

Ga tambayar da zai gwada mini. Motoci uku suna tashi daga tasha zuwa Tamale, ɗaya duk kwana 3, ɗaya duk kwana 4, ɗaya duk kwana 10. Yau sun tashi tare. Kada ka taya shi, kuma ina son in ga yadda ya bi, ba amsar kaɗai ba. Ka ɗauki hoton aikin ka turo mini.

Ka gaishe mini da uwargida da Hajiya, ka ce mata goron da ta aiko ya iso lafiya, an gode ƙwarai. Allah ya yi wa yara albarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Amininka na Katsina.