Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar kilim (na'urar sanyaya mota) da ke hura zafi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da abokan arziki.

Maganar da ke yawo cikin garin Tawa ta iso kunnenmu, wai duk wanda ya sa gaz a garejinmu, kafin kwana goma kilim ɗinsa ya koma hura iska mai zafi. Ba za mu musa ba, wasu motoci sun dawo, kuma a tsakiyar Afrilu, lokacin da ko sitiyari ba ya taɓuwa da rana.

Amma ku yi haƙuri ku ji ta bakinmu. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, gaz ɗin kilim mai suna R134a da muka saba samu ta Kotonu da Gaya ya yanke. Wanda ke zagayowa ta Lome da Burkina sai ya yi makonni a hanya, ga tsada. Dole ta sa muka koma wurin wani ɗan kasuwa mai shigo da shi ta Konni. Tulu iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, hatimi ba a fasa ba. Sai da muka ga allurar agogon awo tana haurawa fiye da ƙima, kwamfuresa, wato injin da ke matsa gaz ɗin, yana ɗaukar zafi yana yankewa, sannan muka gane gaz ɗin gauraye ne. Mu ma saye muka yi, kuɗi hannu.

Kuma ba kowane zafi ba ne laifin gaz. Gaz ba fetur ba ne da zai ƙone ya ƙare. In ya ragu, to wani wuri na yoyo, galibi robar mahaɗar tiyo, inda za ka ga danshin mai ya kama ƙura. Akwai motar da aka dawo mana da ita ana faɗa, da muka buɗe, ƙasa da ƙaiƙayi ne suka toshe kondansa, wato ragar gaban mota mai fitar da zafin gaz, fanka kuma ba ta juyawa don fis ya ƙone. Wannan ba wanda ya kai labarinsa tasha.

Muna kan magana da ɗan kasuwar da ya sayar mana da gaz ɗin, muna kuma neman wata hanya. Wanda abin ya shafa ya zo mu zauna, ba za a rasa yadda za a yi ba.

Alhajinmu da ke kawo mota tun mahaifinmu na riƙe da sifana, wanda ya kira mu gefe ya faɗa mana maimakon ya faɗa a kasuwa, Allah ya saka da alheri. Direbobin hanyar Abalak da Agadas, kun san hannunmu shekara da shekaru. Kafin ku kai motarku wani wuri, don Allah ku fara biyowa mu ɗora mata agogo a gabanku.

Naku,
Masu garejin gyaran kilim, Tawa