Wasiƙa kan ɗauko sabuwar mota daga Ohio zuwa Maryland

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin cewa ciniki ya faɗa. Allah ya sa alheri, ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Ka tambaye ni ko za ka iya tuƙo motar daga Columbus har Baltimore da lambar wucin gadin da dila zai manna mata, ko kuwa sai ka biya a ɗoro ta a tirela. Za ka iya tuƙo abarka. Lambar da jiha ta bayar bisa ƙa'ida tana aiki a sauran jihohin da za ka ratsa muddin kwanakinta ba su ƙare ba. Iyakar jiha ba ita ce abin tsoro ba. Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne kwanan wata, da inshora, da takardun da ba su dace da juna ba, shi ya sa na ga gara in rubuto maka a tsanake maimakon mu yi ta a waya.

Lambar wucin gadi ta Ohio kwana 45 take yi. Ana fara ƙirga daga ranar da aka buga ta, Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna ciki. Idan dila ya buga ta ranar da ka sa hannu ta intanet, kai kuma ba ka je ɗauka ba sai bayan mako guda, to mako guda ya riga ya tafi. Ka ce musu kada su buga sai ranar da za ka karɓi makulli.

Kafin ka tayar da mota daga harabar dila, ka tsaya ka yi abu ɗaya da kanka, kada ka bar wa kowa. Kowace mota tana da lambar jikinta, irin wadda a gida muke kira lambar casis, a nan kuwa VIN, haruffa da alƙaluma 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Ka riƙe takardar rajistar wucin gadi, da takardar ciniki, da katin inshora, ka bi lambar nan harafi bayan harafi a kan ukun. Mai buga takarda yakan sa 8 a wurin B, ko 5 a wurin S. A ofishin dila gyaran minti biyar ne. Idan kuwa sai a gefen titi ɗan sanda ya gano, kwamfutarsa za ta nuna masa lamba ɗaya mota daban, ka ga magana ta yi tsawo. Sunanka da adireshinka ma su zama daidai da yadda suke a lasisinka.

Inshora kuwa ita ce gaba da komai. Ka kira kamfaninka tun kafin ka hau jirgi, ka ba su VIN, su sa motar a kan inshorarka daga ranar ɗauka, su turo maka kati a waya, ka kuma buga shi a takarda. Inshorar Maryland za ka yi, tunda can motar za ta zauna. Mafi ƙarancin abin da jihar ta yarda da shi shi ne dala 30,000 na raunin mutum ɗaya, 60,000 na mutum biyu ko fiye, da 15,000 na ɓarnar dukiya. Ni dai a ganina wannan ya yi kaɗan ga sabuwar mota, kuma idan da bashin banki ka saya, bankin da kansa zai tilasta maka cikakkiyar inshora. Wasu kamfanonin suna rufe sabuwar mota na ’yan kwanaki kai tsaye, amma kada ka dogara da ji-ta-ji-ta, ka samu abin a rubuce.

Abu biyu nake roƙonka kada ka yi ko da wasa. Kada ka kwance lambar tsohuwar motarka ka ɗaura wa sabuwa don kawai ka isa gida. Kada kuma ka sayi lambar takarda daga masu talla a Facebook, kome arharta. Wannan sana'ar ta jabu ce ta ɓata lamarin, har mu nan Texas aka daina ba masu sayen mota lambar takarda daga 1 ga Yuli 2025, dila yanzu ta ƙarfe yake ɗaurawa. Saboda haka ’yan sanda a ko'ina suna sa ido a kan lambar takarda fiye da da. Taka ta gaskiya ce, sai dai ka tabbata ana iya karanta ta. Ka duba an ɗaure ta da kusoshi huɗu ko an manne ta sosai, don iskar babbar hanya tana yage wadda aka riƙe da kusa biyu. Idan a gilashin baya aka sa ta, gilashin kuma mai duhu ne, ka ce a mayar da ita waje a cikin ledarta. Ka ɗauki hotonta a waya, ranar ƙarewar ta fito ɓaro-ɓaro.

Tafiyar kusan mil 400 ce, awa shida zuwa bakwai ban da tsayawa salla da cin abinci. Za ka bi babbar hanyar I-70 gabas, ka tsallaka kogin Ohio a Wheeling, ka ɗan taɓa West Virginia na mil 14 kacal, sai Pennsylvania. A garin Washington na Pennsylvania hanya ta rabu biyu. Idan ka zarce a I-70, daga New Stanton zuwa Breezewood hanyar biya ce, kuma tun 2020 ba a karɓar kuɗi hannu a can. Ko dai na'urar biyan kuɗin hanya ta E-ZPass, ko kyamara ta ɗauki lambarka a aiko da takardar biya, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba. Da lambar wucin gadi takardar takan yi jinkiri ko ta ɓace, sai tara ta hau. In za ka bi nan, ka shigar da lambar wucin gadin a asusunka na E-ZPass tukuna, ka ɗauko na'urar daga tsohuwar mota. Ni shawarata ka karkata kudu a I-79 zuwa Morgantown, ka hau I-68 ta Cumberland, ka sake haɗuwa da I-70 a Hancock. Babu biya ko sisi. Sai dai hanyar duwatsu ce, hawa da gangara, kuma yammacin Maryland akwai dusar ƙanƙara da hazo lokacin hunturu, don haka ka duba yanayi ka kuma yi ta da rana.

In aka tsayar da kai, ka sauka dama, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, in dare ne ka kunna fitilar ciki. Ka faɗi inda takardun suke kafin ka miƙa hannu. Shi ya sa ya fi kyau su kasance a ambulan ɗaya a kujerar gefe, ba a cikin akwati a but ba.

Babban aikin yana jiranka bayan ka isa. Ka tambayi dila tun yanzu, a rubuce, ko su za su yi maka rajistar Maryland ko kai za ka yi. Harajin mota na jihar da za a yi rajista ne. Mai saye daga Maryland yakan sa hannu a takardar rantsuwa cewa shi ba mazaunin Ohio ba ne kuma zai fitar da motar, sai ya biya a gida, inda harajin ya koma kashi 6.5 cikin ɗari daga Yulin 2025. A motar dala 30,000, dala 1,950 ke nan, ban da kuɗin takardar mallaka da na lamba. Idan dila ya karɓi wannan kuɗi a cikin ciniki, ka ga layinsa a takarda da idonka. Idan bai karɓa ba, ka ware shi gefe, don hukumar rajistar motoci ta Maryland, wato MVA, ba za ta ba ka lamba ba sai an biya.

Sabuwar mota ba ta da takardar mallaka tukuna, abin da take da shi takardar shaidar masana'anta ce, ita MVA za ta karɓa tare da takardar ciniki, da bayanin mil ɗin da ke kan mita, da shaidar inshora, da fom ɗin neman takardar mallaka, VR-005. Sabuwa fil ba ta buƙatar gwajin lafiyar mota na Maryland, wanda ake yi wa ta hannu. Amma jihar tana cikin masu bin ƙa'idar hayaƙi ta Kalifoniya, saboda haka ka ɗaga bonet ka karanta takardar da ke manne a ciki, ka ga ta ambaci Kalifoniya ko jihohi 50. Wani ƙaramin abu da ake mantawa: Ohio ta daina tilasta lambar gaba tun Yulin 2020, Maryland kuwa gaba da baya take so. Ka ce dila ya ɗaura maka mariƙin lambar gaba kafin ka tafi, sau da yawa yana nan cikin leda a but.

Inda aka fi yin asara shi ne jiran takardu, musamman idan banki na ciki. Ka sa wa kanka alama a rana ta 20. In har lokacin ba ka ji komai ba, ka kira ofishin takardu na dilan, ba mai tallan da ya sayar maka ba, ka nemi lambar bin sawun saƙon da suka aika. In takardun suna hannunka kuma ba ka samu ranar ganawa a MVA da wuri ba, akwai ofisoshin lamba da takardar mallaka masu lasisin jiha, ana ƙara musu ɗan kuɗi su gama maka. Idan kwana 45 suka cika lambar ƙarfe ba ta zo ba, ka ajiye motar a gida har ta zo, ko da dila ya ce maka tana hanya.

Ka turo mini hoton takardar cinikin kafin ka sa hannu in duba maka layin haraji. Ka gaishe da uwargida da yara, da sauran ’yan uwa na Baltimore. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini