Wasiƙa daga Jidda kan maganar mota

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. An ce min riɗi ya yi kyau bana, Allah ya sa albarka.

Saƙonka ya iso, na kuma ji shawarar da abokanka suka ba ka, wai in sayo motar a nan in auno ta jirgin ruwa. Ka bar wannan maganar. Kafin a biya kuɗin jirgi, a biya kwastan, a biya wanda zai fito da ita daga tashar Legas ya kawo ta Kano, abin da muka tara ya ƙare ko rabi ba a kai ba. Kuɗin nan gumi ne, nawa da naka, kuma ba mu da wasu a bayansu. A gida za a saya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, motar da za mu saya ita ce wadda bakanike a Gumel zai ji kukanta ya gane ciwonta, kayanta kuma a same su a Ƙofar Ruwa ba tare da an aika Legas ba. Shi ya sa nake ta ce maka Golf ko tsohuwar Corolla, mai giyar hannu. Na san ranka yana kan waccan doguwar mai baƙin gilashi. Tana da kyau, ban musa ba. Amma ranar da kwamfutarta ta rikice tsakanin garinmu da kwalta, cikin yashin nan, wa zai taɓa ta? Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, mota mai babban inji ta fi ƙarfin irinmu. Mu abin da muke nema, ranar Alhamis ta ɗauki mutane da buhuna zuwa Maigatari ta dawo da kuɗin cefane, in kuma ciwon Baba ya tashi da dare, kada a sake ɗora shi a kan babur.

A nan ba a mayar da mota sunan wani sai ta ci gwajin hukuma da suke kira fahas. A gida idonka da na bakanikenka ne gwajin. Ka tafi da naka bakaniken, wanda ka biya da hannunka, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ku je da sassafe kafin a tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji shi da ɗumi, an riga ku ne don a ɓoye wahalar tashi. Da an murza makulli kai ka koma baya ka tsaya wajen salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji yana shan baƙin mai ke nan, aiki babba na jiranka. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga ya yi kamar koko, ka yi musu sallama kawai, komai arahar da suka yi maka. Araha ba ta ado.

Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, don wasu da ake kawowa daga Amurka ambaliya ce ta cinye su. Lambar tafiyar da ke gaban direba kuwa kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya; sitiyari da abin taka birki su za su gaya maka irin hanyar da ta sha. Tayoyi ma suna da shekaru: akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Sannan ku fita da ita kan titi, ku bar kwalta ku hau burji, ta yi zafi sosai, ku ga ko allurar da ke nuna zafin inji za ta hau.

Takardu su ne suka fi hana ni barci. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, amma ba a fasa bi da su ta daji ba, a haɗa musu takardun bogi. Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da alƙaluma; ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya a jikin motar da kuma a takardar kwastan. Ka je da kanka ofishinsu a tabbatar an biya. A rubuta takardar ciniki da shaidu, Kawu ya sa hannu, la'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara taya.

Kada ka zuba kuɗin duka a ciniki. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ba Inna ta ajiye, don canjin mai, bel, birki, batir, da inshora wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Tsohuwar mota ba ta rasa abin da za ta nema a watan farko.

In kun ga wadda ta kwanta muku, ka ɗauko min bidiyon tashinta da safe da hoton takardun ka turo ta WhatsApp kafin ka ba da ko sisi. Ina tashi aiki bayan isha'i, zan duba. Ragowar kuɗin zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda.

Ka gaishe min da Inna da Baba, ka ce ina neman addu'arsu. Ka gai da Kawu da amarya da yara.

Naka,
Yayanka