Zuwa ga Yaya: maganar yaƙi da kuɗin hatsi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ka karanta mata wannan a hankali, don na ji ta daina barci tun da aka kai mata labarin wai yaƙin duniya zai ɓarke, Amurka za ta kwashe mu baƙi ta kai fagen daga. Ta kwantar da hankalinta. Rabon da a tilasta wa wani shiga soja a ƙasar nan tun 1973. Rajista kawai ake yi wa maza 'yan shekara 18 zuwa 25, kuma ta fi kowa sanin na wuce nan.

Da Amurkawa suka shiga yaƙin Hitila a Disambar 1941, bayan harin Japan a sansanin sojan ruwansu na Pearl Harbor, an ɗebi maza kusan miliyan 10, wannan gaskiya ne. Amma ta kasuwa yaƙin ya shiga kowane gida. Taya aka fara taƙaitawa, saboda ƙasashen da ke ba su roba sun faɗa hannun Japan. A Fabrairun 1942 aka daina ƙera motar hawa, masana'antun Detroit suka koma tankoki da jiragen yaƙi. Sukari sai da katin rabo na gwamnati, rabin laba ga mutum a mako, ko kwatan kilo bai cika ba. Mai mota ya samu galan 3 ko 4 na fetur a mako, kuma kada ya wuce mil 35 a awa don taya ta daɗe. A 1943 aka haɗa da nama da man shanu da abincin gwangwani, takalmi ma ƙafa uku a shekara. Ga kuɗi a aljihu, amma in katinka ya ƙare mahauci ba zai yanka maka ba, sai dai ka bi ta bayan fage a tsawwala maka. Har kitsen da ya rage a tukunya mata ke tarawa a gwangwani su kai wa mahauci, ana haɗa abin fashewa da shi. Masu lambu a bayan gida ne suka ji sauƙi. Lambuna kusan miliyan 20 aka yi, su suka ba da wajen kashi 40 cikin ɗari na kayan miyan ƙasar.

Wannan kada ka karanta mata: 'yan asalin Japan kusan 120,000 aka tsare a sansanoni, mafi yawansu haifaffun nan ne. Shi ya sa takarduna kullum a kammale suke.

Na turo dala 400 ta hannun da aka saba. Dala 250 ta hatsi ce, masara da gero, a saya yanzu da kaka kafin 'yan sari su tayar da farashi. Ɗari ta maganin Inna, hamsin ta makarantar yara. A shanya masarar har sai ka ciji ƙwaya ka ji ta yi ƙas. A zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ba sai an sa magani ba. A ɗora kan katako, nesa da bango. In ɓera ya huda leda iska ta shiga, ƙwari za su farfaɗo su mayar da ita gari, don haka a riƙa dubawa.

Kuɗin nan kada ya bi ta hannun Auta. Na ji abin da ya yi da buhunan bara, kuma ban ji daɗin yadda kuka ɓoye min ba. Makullin ɗakin hatsi ya zauna wurinka.

Na san kuɗin bai kai yadda kuke zato ba, ga shi kai kaɗai na bar wa ɗawainiyar Inna, abin yana damuna. Ni lafiyata ƙalau, aikin dare ne kawai da ɗan sanyi, kuma ban taɓa neman rance wurin kowa ba, alhamdu lillahi.

A gai da Kawu da Goggo da yara. In an sayi hatsin ka ɗauko min hoton buhunan. Kuma Yaya, don Allah, ban da Auta.

Ƙaninka