Rahoton ayyukan shekara: zaman da muke yi da majinyatan da giya ta yi wa sanadin rauni

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da sauran membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Shugaba ne ya ce in rubuto rahoton nan in tura a wasap tun kafin mitin saboda masu diyuti da ba za su samu zuwa ba, to ga shi. Lissafin kuɗi dai Hajiya ma'aji ce za ta karanto da bakinta ranar taro.

Babban aikinmu na bana shi ne wanda muka tsayar tun farkon shekara, wato ɗan gajeren zama da mutumin da aka kawo asibiti da rauni kuma da alamar ya sha, ko ɗan acaba ne da ya kife wajen Kwangila, ko fasinja, ko wanda aka fasa wa kai a faɗa cikin dare. Ga sabbin membobi, abin ba ya wuce minti 5 zuwa 15, kuma sai an gama ɗinki an ɗaure karaya hankalinsa ya dawo jikinsa tukuna. Dalili kuwa mutum yana kwance yana kallon ƙafarsa a nannaɗe ya fi jin magana, in ya warke ya koma majalisa shikenan an wuce wurin.

Tambayoyin da muke amfani da su AUDIT ne, fom ɗin auna shan giya na Hukumar Lafiya ta Duniya, guda 10 ne, maki daga 0 zuwa 40, wanda ya kai 8 shansa ya shiga haɗari. In emajensi ta cika sai mu tsaya kan ukun farko: sau nawa kake sha, nawa kake sha a rana, sau nawa kake kai awo shida a zama ɗaya. Sai dai fom ɗin da awon giram 10 na giya yake lissafi, mu kuwa namu wani burkutu ne a ƙwarya, wani ogogoro, wani 'yar leda, to wa zai auna maka wannan? Shi ya sa nas-nas ɗinmu suka koma tambayar leda nawa, ƙwarya nawa, ko nawa kake kashewa a dare, kuma wallahi amsar kuɗin ta fi fitowa da gaskiya.

Amma abin da ya fi cin lokacinmu bana kunya ce. Nan Zariya ne, kowa ya san ɗan gidan waye, ka tambayi saurayi ko yana sha mahaifiyarsa na tsaye da fulas a hannu ai rantsuwa zai yi maka da Alƙur'ani alhali warin na tashi. Don haka muka sa doka ba a tambaya sai mai jinya ya fita sayo magani ko karɓo hoto, a ja labule, a rage murya, a fara gaya masa maganar nan ba za ta je kunnen kowa ba. Wasu kuma har ga Allah ba su ɗauki na leda a matsayin giya ba, maganin basir ne ko na sanyi a wurinsu. NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja a kai, mu dai majinyatanmu ba su daina ambatonta ba.

An yi muhawara mai zafi a mitin ɗin tsakiyar shekara, wasu dattawanmu, Allah ya ƙara girma, suka ce a riƙa haɗawa da wa'azi. A nawa ganin matsayar da aka cimma, ta barin wa'azin, ita ce daidai. Musulmin da ke kan gadon nan ya san haramun ce tun yana Islamiyya, kuma ba duk majinyatan ne Musulmi ba, muna da mutanen Sabon Gari da Wusasa da Samaru. Abin da bai sani ba shi ne giya na jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar ciwo, haɗa ta da tramol ko kodin na iya tsayar da numfashi, kuma iyakar giya a jinin direba a dokar hanya kashi 0.05 cikin ɗari ce. Ka gaya masa makinsa, ka tambaye shi shi me yake gani ya kawo shi nan, sai ka yi shiru. Shirun nan ne ya fi ba membobinmu wuya a tirenin, kowa so yake ya yi ta zuba.

Don Allah a riƙe wannan da kyau: wanda makinsa ya kai 20, ko yake karyawa da giya da safe, ba a ce masa ya daina lokaci guda. In ya daina haka, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da gumi za su fara, yana iya yin jijjiga, kwana biyu zuwa uku ya fara gane-gane, dangi su ce aljanu ne su nemi a sallame su a tafi ruƙiyya, alhali abin na iya kisa. Irin wannan likita ake kira nan take, daga baya a tura shi sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna.

Inda muke da rauni shi ne bibiya. Lambar da ke kan kati sau da yawa ta yaya ce ko ta mata, ka kira ba damar faɗin dalili sai ya jiki ya jiki a kashe waya. Kuma kar mu ruɗi kanmu, irin wannan zaman ragewa yake sa a yi, ba kasafai yake sa a bari gaba ɗaya ba. Mata majinyata kuwa kusan ba mu taɓa su ba sam, sai mata 'yan uwansu za su iya.

Sauran ayyuka a gurguje, mun zaga tasha mun yi magana da direbobi da 'yan acaba gab da ƙarshen shekara, mun yi shan ruwa tare a watan azumi, mun je ta'aziyya gidajen membobin da aka yi wa rasuwa, Allah ya jiƙansu.

Baɗi in Allah ya kai mu za a ƙara layi a fom na lambar majinyaci shi kansa da lokacin da ya yarda a kira shi, a maimaita tirenin ga masu diyutin dare tunda yawancin raunukan da dare ake kawo su, sannan muna roƙon anti-anti ɗinmu nas da ungozoma su ba da suna. Masu bashin kuɗin wata a zo da shi ranar mitin, Hajiya ta ce ba za ta ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Sakatare